Tsohon Yayi a Sabon Bango: Sharhi Kan Haruffan Bangon Faifai

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To fuskar littafi dai bangonsa, fuskar faifan waƙa kuwa kwalin da aka zura shi a ciki. Mu marubuta mukan raba dare muna gyaran jimla guda, amma idan aka zo kan haruffan da za a rubuta sunan littafin da su a bango, sai mu sakar wa yaron maɗaba'a ragama, duk abin da ya danno a kwamfuta mu ce madalla. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu leƙa gidan maƙwabtanmu, wato masu zana bangon faifai, domin su sun daɗe da gane cewa harafi yana magana tun kafin a karanta shi. Abin da zan duba musamman shi ne ɗabi'ar nan da ta yi ƙarfi a tsakaninsu, ta tono haruffan tsohon yayi a ɗora su a kan sabon aiki. Tambayar ita ce, yaushe ne wannan aro yake zama gado, yaushe kuma yake zama rigar aro?

Yadda bango ya samu baki

Kafin wajen 1940, faifan garmaho a cikin takarda mara ado ake sayar da shi. Wani matashin mai zane a kamfanin Columbia na Amurka, Alex Steinweiss, shi ne ya shawo kan shugabanninsa suka yarda a riƙa yi wa kowane kundin faifai zanen kansa. A 1948 kamfanin ya fito da babban faifan nan mai dogon zango, mai faɗin inci 12, sai mai zane ya samu fili na kimanin santimita 31 a kowane gefe. A kan wannan fili ne sana'ar ta girma har ta yi ƙarfi. Da faifan sidi ya fito a 1982 sai filin ya tsuke ya koma santimita 12, yau kuwa da yawancin jama'a a waya suke sauraron waƙa, bangon bai fi faɗin babban yatsa ba.

Haruffan da nake nufi su ne na kanu, manya, waɗanda aka ƙera domin a hango su daga nesa, irin na allon shago da kanun jarida. Sun bambanta da ƙananan haruffan cikin littafi, waɗanda kyansu shi ne mai karatu ya manta da su. Harafin kanu ɗan kwalliya ne, kuma kamar kowace kwalliya yana da zamaninsa. Shi ya sa da ka gan shi sai ya tuna maka da wani lokaci, ko da ba ka san sunansa ba.

Harafin da ya ƙi tsufa

Babu samfurin da ya fi nuna haka kamar wanda ake kira Cooper Black. Haruffa ne masu ƙiba, baƙaƙe wuluk, babu kaifi ko kusurwa a jikinsu, kai ka ce da curin fura aka mulmula su. Wani mai rubutun talla a birnin Shikago, Oswald Cooper, shi ya zana su, kuma kamfanin Barnhart Brothers & Spindler ya zuba su a dalma ya fara sayarwa a 1922. Don tallan jarida da allon kanti aka yi su, ba su da wata alaƙa da kiɗa.

A watan Mayu na 1966 ƙungiyar mawaƙan The Beach Boys ta fitar da faifanta Pet Sounds. A bangon, samarin suna tsaye suna ciyar da awaki a gidan namun daji na San Diego, a samansu kuma an yi koren fili an rubuta sunan ƙungiyar da na faifan da jerin waƙoƙin da haruffan Cooper, fari da rawaya. A lura, a ranar da faifan ya fito haruffan nan shekararsu 44 a duniya. Wato ko a lokacin ma tsohon yayi ne aka tono. Daga nan suka bazu. The Doors sun yi amfani da su a faifan L.A. Woman na 1971, suka hau riguna da kwalayen alewa da littattafan barkwanci na kyanwar nan Garfield, har suka zama tambarin kamfanin jiragen sama na easyJet da aka kafa a Ingila a 1995.

Abin sha'awa a nan shi ne, duk matashin da ka nuna wa waɗannan haruffa a yau zai ce maka na shekarun 1970 ne. Shekaru 50 na farkon rayuwarsu sun shafe daga tunanin mutane. Wannan ya nuna mana cewa abin da ake kira tsohon yayi sau da yawa tarihi ne da aka tace, aka zubar da tsakinsa, aka riƙe ɗanɗanon da ake so kawai. Mai zanen da ya ɗauko Cooper Black a yau ba ya tuna tallan sabulu na 1922. Abin da yake so ka tuna shi ne rana mai ɗumi da wando mai faɗin ƙafa da sautin jita.

Aron da ya yi kyau

Ba na cikin masu cewa duk aro aibi ne. Tsohuwar zuma da ita ake magani, kuma akwai bangaye biyu da nake ganin sun isa hujja.

Na farko shi ne London Calling na ƙungiyar The Clash ta Ingila, wanda ya fito a Disambar 1979. Mai zanen, Ray Lowry, ya ɗauko tsarin faifan Elvis Presley na farko, na 1956, bai ɓoye ba. A na Elvis, kalma ɗaya ta sauko ta gefen hagu da ruwan hoda, ɗayar ta miƙe a ƙasa da kore, a tsakiya kuma ga hotonsa baƙi da fari, baki a buɗe, jita a hannu. Lowry ya ajiye kalmominsa biyu a gurabe iri ɗaya da launi iri ɗaya, amma hoton tsakiya, wanda Pennie Smith ta ɗauka a wani zauren wasa a birnin Niyok, na makaɗin ƙungiyar ne Paul Simonon ya ɗaga jitarsa zai rotsa ta da ƙasa. Duk wanda ya san bangon farko, da ya ga na biyu ya gama karanta saƙon: abin da ya fara da murna shekaru 23 da suka wuce, ga shi ya iso ga fushi. Haruffan ne suka haɗa hotunan biyu suka sa su hira. Da za a cire su a sa wasu, da hoton ya zama na wani fusataccen saurayi kurum.

Na biyu shi ne Brothers na The Black Keys, na 2010. Babu hoto ko ɗaya a bangon. Baƙin fili ne da jimloli biyu da haruffan Cooper, fari da ja, ɗaya tana shaida maka cewa wannan faifan ƙungiya kaza ne, ɗayar tana gaya maka sunansa. Michael Carney, ɗan'uwan mai gangar ƙungiyar, shi ya tsara shi, kuma ya ci lambar Grammy ta tsarin bango a 2011. Asalin dabarar daga wani faifai ne na 1969 na tsohon mawaƙin bulus Howlin' Wolf, wanda kamfaninsa ya tilasta masa yin kiɗa irin na samarin zamani. Bangon wancan faifai shi ma rubutu ne zalla, yana sanar da mai saye cewa ga sabon faifan mawaƙin, kuma shi kansa ba ya son sa. Faifan bai yi kasuwa sosai ba, kuma wanda ya shirya shi, Marshall Chess, daga baya ya yarda cewa wannan rubutu ya cutar da cinikin. To su The Black Keys samari ne farare guda biyu daga jihar Ohayo da suka gina sana'arsu a kan kiɗan baƙaƙen fata irin su Howlin' Wolf, kuma yawancin waƙoƙin faifan a tsohon ɗakin ɗaukar sauti na Muscle Shoals a jihar Alabama suka ɗauke su. Saboda haka bangon tamkar amsa bashi ne a bainar jama'a. Abin da ke ciki da abin da ke waje sun yi daidai.

A duka misalan nan biyu mai aron ya san daga wurin wa ya ara, ya san dalilin da ya sa, kuma ya ƙara wani abu nasa. Wannan shi ne ma'aunin da zan riƙe.

Kama da wane

Yanzu mu dubi gidan da aka fi yi wa aro, wato kamfanin Blue Note na kiɗan jaz, wanda Alfred Lion ya kafa a Niyok a 1939. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1967 wani mai suna Reid Miles ya tsara musu bangaye kusan 500, yawanci da hotunan da Francis Wolff ya ɗauka a ɗakin kiɗa. Kamfanin ba mai kuɗi ba ne, sau da yawa launi ɗaya ko biyu kawai ake iya biya. Wannan ƙunci ne ya koya wa Miles ya sa haruffa su yi aikin da launi zai yi. A faifan It's Time! na Jackie McLean ya cika bangon da alamun motsin rai layi bayan layi, har idonka ya ji kamar bugun ganga yake gani. A Hub-Tones na Freddie Hubbard ya jera baƙaƙen sanduna kamar maɓallan fiyano, ya ɗan zame guda ɗaya daga sahu ya sa hoton makaɗin a kanta.

Tun daga lokacin ba a daina kwaikwayon wannan salo ba. Wani kwaikwayon na wasa ne da gangan, kamar yadda Barney Bubbles ya ɗauko tsarin Midnight Blue na Kenny Burrell, na 1963, ya yi wa Elvis Costello bangon Almost Blue a 1981. Ya yi kyau a ido, kuma sunan faifan ma ya ba da uzuri. Amma waƙoƙin ciki na kiɗan kauyen Amurka ne da aka ɗauka a Nashville, ba su haɗa hanya da jaz ba, don haka a wurina wannan bango bai kai matsayin na The Clash ba. Raha ce mai daɗi wadda ba ta ƙara wa mai sauraro komai game da abin da zai ji.

Ƙasa da wannan kuma akwai tarin bangaye da fastoci da ba su ƙidayuwa, waɗanda suka ɗauki hoto suka rina shi shuɗi, suka jera siraran haruffa a gefe, suka ɗauka sun zama Blue Note. Abin da suka manta shi ne, Miles matsala yake warwarewa a kowane bango: ga suna, ga hoto, ga kuɗi kaɗan, yaya za a yi? Su kuwa amsar suka kwafa ba tare da sun ga tambayar ba. Duk malamin makaranta ya san irin wannan takarda idan ya zo maki. Kama da wane ba ta wane.

Me ya sa yayin ya dawo?

Dalilai uku nake gani, kuma ba dukansu ne na son zuciya ba. Na ɗaya shi ne komawar babban faifai kasuwa. A Amurka, a 2022, an sayar da manyan faifai kimanin miliyan 41, sidi kuwa miliyan 33, kuma rabon da babban faifai ya wuce sidi a yawa tun 1987. Wanda ya sayi faifai a zamanin da zai iya jin waƙar a waya, abin riƙewa a hannu yake nema, kuma yana son ya yi kama da na gidan kakansa.

Na biyu shi ne ƙanƙancewar bango a waya. Siririn harafi mai ado yakan ɓace idan aka matse shi, amma mai ƙiba irin na Cooper yana nan daram. Haruffan da aka ƙera don a hango su daga tsallaken titi sun dace da ƙaramin gilashi, wannan kuwa hujja ce ta sana'a wadda ba ni da ja a kanta.

Na uku shi ne sauƙi, kuma nan gizo ke saƙar. A da sai mai zane ya zauna da burushi, ko ya aika a ɗauko masa haruffan ta hanyar hoto, ko ya sayi takardar Letraset, wadda ta fito a 1961, ya riƙa goga haruffan ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, yana auna tazararsu da ido. Kowane harafi yana cin lokaci da kuɗi, dole mutum ya yi tunani kafin ya zaɓa. Yau Cooper Black yana cikin jerin haruffan da ke zuwa da manhajar Microsoft Office. Har tsufan ma an mayar da shi abin dannawa: akwai dabarar da za ta sa sabon bango ya yi dishi-dishi, ta zana masa da'irar nan da faifai ke bari a jikin kwali bayan shekaru, ta karya masa kusurwa. Wannan shi ne na fi ƙi. Tabon da ke jikin tsohon kwali shaida ce ta hannayen da suka riƙe shi. Wanda aka buga a maɗaba'a jiya kuwa furfurar gari ce, da an yi ruwa za ta wanke.

Darasin Legas

A ƙasarmu ma akwai wanda ya isa a yi koyi da shi. Lemi Ghariokwu, haifaffen Legas a 1955, wanda bai yi makarantar zane ba, ya yi wa Fela Anikulapo Kuti bangaye 26, tun daga Alagbon Close a 1974. Haruffansa da hannu yake zana su, kuma ba a iya raba su da hoton, domin sukan lanƙwashe su bi jikin mutanen da ya zana, su fito daga bakinsu, su hau allunan da suke ɗauke da su. Tushensu a fili yake: rubutun jikin motocin haya, allon mai aski, zanen barkwanci na jarida. A Beasts of No Nation na 1989 ya zana shugabannin duniya na lokacin, irin su Margaret Thatcher da Ronald Reagan da P. W. Botha, da kamannin dodanni, rubutun kuma ya cakuɗe da taron kamar ihun masu zanga-zanga. A lokacin da aka hana waƙoƙin Fela shiga gidajen rediyon gwamnati, bangon da kansa jarida ne.

Daga 2001, lokacin da kamfanin Strut na Landan ya fitar da tarin Nigeria 70, sai Soundway da jerin Nigeria Special, sai Luaka Bop na Amurka da tarin waƙoƙin William Onyeabor a 2013, tsohon kiɗan Nijeriya ya samu sababbin masoya a Turai da Amurka. Waɗannan kamfanoni sun ceto waƙoƙin da mu da kanmu muka bari ƙura ta binne, ba za a hana su yabonsu ba. Amma kasuwar da suka buɗe ta haifi wani abu da za a iya kira kamannin Afirka ta 1970: haruffa masu karkata kamar na mai koyon rubutu, launin ja da rawaya da kore, takarda mai kama da ta sha rana. Ana liƙa wannan kama a kan kiɗan Legas da na Kumasi da na Adis Ababa ba bambanci. Mai zanen allo na wancan zamani iyakar ƙoƙarinsa yake yi layinsa ya miƙe. Wanda ya karkatar da nasa da gangan a kwamfuta don ya yi kama da shi, ya mayar da ƙwazon mutumin abin dariya ko da bai nufa ba.

Shi ya sa na yaba wa mawaƙi Falz. Da zai fitar da Moral Instruction a Janairun 2019, faifan da ya gina a kan sautukan Fela da irin sukarsa ga masu mulki, sai ya tafi wurin Lemi da kansa ya ce ya zana masa bangon. Bai sa wani ya kwaikwayi hannun mutumin alhali yana raye ba. Kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma gado da sanin mai shi ake karɓarsa.

Namu kason

Akwai wata matsala da ta shafe mu mu kaɗai masu rubutu da Hausa. Oswald Cooper bai san da ƙ da ɗ da ɓ ba, haka ma yawancin waɗanda suka ƙera haruffan kanu na wancan ƙarni. Idan mai kwamfuta ya zaɓi irin waɗannan haruffa don bangon waƙar Hausa ko na littafi, abu biyu ne ke faruwa. Ko dai na'urar ta aro ƙ daga wani samfuri, ka ga siririn harafi ya tsaya tsakanin masu ƙiba kamar baƙo a taron dangi, ko kuma a yar da lanƙwasar gaba ɗaya, ƙaya ta koma kaya, baƙi ya koma baki. Ɗalibin da muka sha wahala muna koya masa ƙa'idojin rubutu a aji, idan ya fita ya ga sunan waƙar da yake so an rubuta shi ba lanƙwasa da haruffa masu girman tafin hannu, wa kake jin zai bi, malam ko bango?

Abin lura shi ne, mai burushin da ke rubuta karin magana a bayan babbar mota ba ya da wannan matsala, domin hannu ba ya rasa harafi. Haka masu buga tafireta na da, da biro suke bi suna ƙara lanƙwasar kafin a kai aiki gaba. Idan har tsohon yayi muke so, ga namu nan a tasha da bakin kasuwa da bangon tsofaffin kaset, kuma masu yin sa da yawa suna raye, aiki suke nema. Zai fi mana a biya ɗaya daga cikinsu ya zana sunan littafi da hannunsa, a ɗauki hotonsa a sa a kwamfuta, da a ari haruffan tallan Shikago waɗanda ba su iya furta sunanmu ba.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwa marubuta da mawaƙa ita ce, kafin ka amince da bango, ka yi wa mai zanen tambayoyi. Waɗannan haruffa na wane zamani ne, kuma na su wa? Me ya haɗa su da abin da ke cikin aikina? Suna da haruffan harshena cikakku? Idan ya amsa ka gamsu, to ko na shekara 100 ne a ɗora, domin The Clash da The Black Keys da Falz sun nuna cewa tsohon harafi yana iya faɗin sabuwar magana. Idan kuwa amsarsa ita ce haka ake yayi, to ka tuna kayan aro ba ya rufe katara, ka ce ya sake. Sunanka ne zai zauna a kan bangon nan shekara da shekaru bayan yayin ya wuce.

Ina fata masu zane a cikin wannan ƙungiya tamu za su ɗauko alƙalami su mayar mini da martani a fitowa ta gaba, domin su suka san zafin aikin. Mu kwana nan.